Wa Doka Ta Ba Ikon Rubuta Magani: Likita Kaɗai Ko Har Da Nas?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda zazzaɓi ya taɓa kamawa ana tsakiyar jarrabawa ya san shawarar da abokan ɗaki ke bayarwa: "Je ka wurin nas ta rubuta maka magani." Mu a wurinmu duk mai farar riga nas ce, kuma duk nas tana iya rubuta magani. To, doka fa, me ta ce? Amsar ta danganta da abu uku: wace ƙasa ce, wace irin nas ce, kuma wane irin magani ne. Zan ɗauki Amurka misali, domin can ne aka fi daɗewa ana kai ruwa rana a kan wannan batu, sannan mu dawo gida.

A shekarar 1965 wata ma'aikaciyar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe wani sabon kwas a Jami'ar Kolorado. Damuwarsu ita ce likitoci sun yi ƙaranci a karkara, yara kuma ba sa samun mai duba su. Sai suka ce a ƙara wa ƙwararrun nas-nas karatu har su iya duba mara lafiya da kansu. Daga nan aka samu wani sabon mataki a aikin jinya, wanda zan kira "nas mai duba marasa lafiya". A yau kafin ta kai wannan matsayi sai ta yi digirin jinya, ta samu lasisin nas, ta koma ta yi digiri na biyu ko na uku, sannan ta ci jarrabawar ƙwarewa a fanni guda, kamar lafiyar iyali, ko ta yara, ko ta ƙwaƙwalwa. Irin wannan nas ɗin ce ke da damar gano cuta, ta tura mutum gwaji, ta rubuta magani. Nas ta gama-gari, ko a Amurkar, ba ta da wannan dama. Aikinta ta ba da maganin da aka rubuta, ta sa ido a kan majinyaci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowace jiha da dokarta. An raba jihohin gida uku. A rukunin farko, wanda yanzu ya haura rabin jihohi 50 na ƙasar, nas mai duba marasa lafiya tana cin gashin kanta: tana iya buɗe kilinik, ta rubuta magani ba tare da sa hannun likita ba. A rukuni na biyu sai ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da wani likita. A na uku kuwa, tana ƙarƙashin kulawar likita, kuma ikon rubuta maganin ma aro ne daga wurinsa. Tekzas na cikin wannan rukuni, har dokar jihar ta ƙayyade cewa a yawancin wurare likita ɗaya ba zai ɗauki nauyin fiye da mutum bakwai ba. Jihar Niyu Yok ta bi tsaka-tsaki: sai nas ta cika awa 3,600 tana aiki, sannan a sakar mata mara. Ka ga ke nan mutum ɗaya, takardu iri ɗaya, amma da ta tsallaka iyakar jiha ikonta ya canja.

Me ya sa har yanzu ake jayayya? Ƙungiyoyin likitoci suna cewa karatun ba ɗaya ba ne. Likita yana shekara huɗu a makarantar likitanci bayan digirin farko, sannan ya yi aƙalla shekara uku yana samun horo a asibiti, alhali awannin horon nas ba su kai ko kusa da haka ba. Su kuma nas-nas suna cewa sau da yawa yarjejeniyar takarda ce kawai: ana biyan likitan kuɗi duk wata, shi kuwa ko majinyatan bai taɓa gani ba. Kuma idan ya yi ritaya ko ya bar gari, kilinik ɗin ƙauyen sai ya tsaya cak har a samu wani. A ganina kowane ɓangare yana da abin faɗa. Amma ku lura, babu wanda ke cewa a bar kowa ya rubuta magani. Gardamar tsakanin masu lasisi ce.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, ta magunguna masu sa maye ko kama jiki. Wannan dokar tarayya ce ta 1970, wadda ta jera su aji biyar. Aji na ɗaya, irin su hiroyin, ba a rubuta wa kowa. Aji na biyu shi ne na masu ƙarfi kamar mofin da fentanil, kuma takardarsu ba a sake karɓar magani da ita, sai an rubuta sabuwa. Haka ake saukowa har aji na biyar. Tiramol ɗin da muka sani, tun 2014 aka sa shi a aji na huɗu. Duk mai son rubuta irin waɗannan, likita ne ko nas, sai ya yi rajista da hukumar DEA, wato takwarar NDLEA ɗinmu, a ba shi lamba tasa. Da wannan lambar ake bin sawun duk abin da ya rubuta. Jiha ma tana iya ƙara tsaurarawa. A Tekzas nas ba ta rubuta aji na biyu sai a cikin asibiti, ko ga masu jinyar ƙarshen rayuwa.

Birtaniya ta bi hanyar sannu-sannu. Dokar 1992 ce ta buɗe ƙofar, da ɗan gajeren jerin kaya irin su bandeji da man shafawa. Sai a 2006 aka yarda nas da ta yi kwas na musamman ta rubuta duk maganin da ke cikin fannin ƙwarewarta, a 2012 kuma aka ƙara mata yawancin masu sa maye. Sharaɗin dai ɗaya ne: sai an rubuta wannan ƙarin cancanta a gaban sunanta a rajistar hukumar jinya.

To a nan gida fa? A manyan asibitocinmu an raba aikin: likita ya rubuta, mai harhaɗa magani ya bayar, nas ta kula da shansa. A asibitin sha-ka-tafi, inda likita sai an tona, ma'aikatan lafiya na matakin farko suna aiki ne da wani kundin ƙa'idoji da ya zayyana alamun ciwo, da abin da za a bayar, da lokacin da dole a tura mutum gaba. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka, wanda ya ba nas-nas da ungozomomi da waɗannan ma'aikata damar ɗaukar wasu ayyukan bayan horo, musamman a harkar mata masu juna biyu da ƙananan yara. Dama ce mai iyaka, ba ta kai ta jihohin Amurkar can ba.

Mai kemis kuma lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takarda ne kawai. Allura da ƙarin ruwa ba sa ciki. Wadda ta koyi aiki a gefen asibitin kuɗi ba tare da rajistar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba, doka ba ta san ta a matsayin nas ba, komai farin rigarta. Mun ga abin da sakaci da wannan iyaka ya jawo: sai da ta kai gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, bayan ya riga ya lalata matasa da yawa.

Ga masu burin karanta jinya su fita waje, ku sani lasisin gida ba ya tafiya da ikon rubuta magani. A Amurka sai kun ci jarrabawar NCLEX kafin ma a kira ku nas ta gama-gari, sannan a fara maganar ƙarin karatu.

Mu sauran kuma, abin da nake so mu riƙe shi ne amfanin dokar nan. Tana tabbatar da cewa wanda ya rubuta maka magani yana da suna a rajista, yana da lasisin da za a iya ƙwacewa idan ya yi ganganci. Don haka kafin ka haɗiyi ƙwaya ko ka miƙa hannu a yi maka allura, duba takardar: akwai sunan wanda ya rubuta, da sa hannu, da kwanan wata, da adadin da za ka sha? In babu, ka tambaya, ba rashin kunya ba ne. Idan abu ya ɓaci, jikinka ne zai biya, kuma wanda ba shi da lasisi ba shi da abin da za a ƙwace masa.