Fankar Injin Shuka Ba Ta Tsayawa Don An Kashe Tarakta

A ƙasar Damagaram, daga Mirriya zuwa Magariya da Matamaye, har yau sungumi da diddige ne ke shuka yawancin hatsi. Masu bin shawarar masanan cibiyoyin binciken noma na INRAN da ICRISAT kan ɗebi takin zamani da yatsu uku, wajen giram 6 na NPK, su sa wa kowane rami. Akwai kuma injin shuka da tarakta ke ja, wanda iska ce ke yi masa wannan aiki: taki na sauka daga tanki kaɗan-kaɗan, fanka ta hura shi cikin tiyo har bakin kowane layi. Fankar kan yi juyi 3,000 zuwa 5,000 a minti ɗaya. Sai dai ba lokacin da take aikinta lafiya ta fi raunata mutum ba. Ranar da tiyo ya toshe, direba ya diro da gaggawa, ranar ce ake asarar yatsu.

Toshewar kuwa dole ce. Takin yuriya na tsotsar laima, da zarar damina ta kama sai ya dunƙule, ga ƙurar da iskar hadari ke tarawa a ragar bakin fanka. Abin da hannu ya saba shi ne a cire ragar a share, ko a zare tiyo a leƙa. To, fanka mai irin wannan gudu ba ta tsayawa don an kashe inji. Takan ci gaba da juyi na ɗan lokaci, wani sa'in ma ƙararta ta riga ta lafa. A injinan da tankinsu ke riƙe iska, wanda ya ɗaga murfi fanka na aiki, garin taki da maganin iri za su watsu masa a ido da hanci. Inda kuma mai ne ke juya fankar, man yana tafiya da matsi kusan bar 200, ƙaramar huda a tiyonsa ta isa ta harba mai ƙarƙashin fata. Ciwon kan fito kamar sukar ƙaya, amma idan ba a kai mutum asibiti nan take ba yana iya kaiwa ga yanke hannu. Da guntun kwali ake neman yoyo, ba da tafin hannu ba. Inda kuma sandar ƙarfen bayan tarakta ce ke juya fankar, sandar juyi 540 take yi a minti, wato tara a daƙiƙa guda. Babu mai zafin naman da zai ƙwace bakin rawani ko hannun babbar riga daga gare ta.

Wani zai ce injin nan bai yawaita a Damagaram ba, me ya kawo maganarsa? Amsa ita ce injin sussuka da injin niƙa da ke ƙauyukanmu da bel da fanka suke aiki, kuma abin da mutum ya saba yi a kansu shi zai yi a kan sabon inji. Hujjar masu gaggawa da ta fi nauyi kuwa ita ce ta lokaci. Ruwan shuka ya sauka, ƙasar rairayi ba ta riƙe danshi fiye da ƴan kwanaki, mai tarakta na lissafin gonakin da ke jiransa. Gaskiya ne. Amma jiran fanka ta tsaya cik minti biyu ne ko uku, direban da ya ji rauni kuwa shi da injin sun bar gona ke nan har shuka ta wuce.

Don haka duk wanda ya ɗauki hayar irin wannan inji ya kafa sharaɗi tun kafin a shiga gona: a sauke injin ƙasa, a kashe tarakta, makulli ya shiga aljihun wanda zai sa hannu, a ga fanka ta tsaya da ido, a mayar da raga kafin a sake tayarwa. Yaran da ke bin tarakta kallo kuma a tsayar da su a bakin gona.