Ko Kun Sani?

Dabbar nan ta filayen yammacin Amurka da ake kira pronghorn ta yi kama da barewa, amma danginta na kusa raƙumin dawa ne. Gudunta kan kai kilomita 88 a awa, ga ido kamar me, shi ya sa maharban jihar Wayomin ba sa fita sai da madubin hangen nesa, da safar hannu ta fata, da matashin gwiwa, don sai an yi rarrafe cikin ƙaya kafin a kusance ta.

Wahalar gaske tana bayan harbi. Kowane silin gashinta akwai rami a cikinsa, yana riƙe zafi, kuma lokacin farautar yakan kama tun Satumba, rana na dukan ƙasa. Idan aka yi sanya, nama ya ɗauki wari. Don haka nan take ake feɗe ta, a yanka gunduwa-gunduwa, a zuba a buhunan yadi masu shan iska, sai cikin kula mai ƙanƙara. Gashin ma fitina ne, da an taɓa shi yake zuba ya manne wa tsoka. Namijin kuma yana da wani baƙin tabo mai wari a gefen muƙamuƙi. Hannun da ya taɓa wurin ba ya komawa kan nama sai an wanke.