Noman Naman Kaza a Jikin Itace: Dabarar Mutanen Japan

In damina ta kankama a ƙasar Dutse, akan ga wani tsiro mai kama da laima yana ɓullowa a jikin suri ko a gindin ruɓaɓɓen itace. Wani ana cinsa, shi ne naman kaza, wani kuwa dafi ne, yana iya kisa. Bahaushe bai taɓa ɗaukarsa abin nomawa ba. Mutanen Japan kuwa sun yi shekaru ɗaruruwa suna nomansa.

Irin da suka fi nomawa sunansa shiitake. Dabararsu ta dā ita ce a sare itace, a yi masa tsaga da gatari, a jingine shi cikin inuwa, sa'an nan a zuba ido ko iska za ta kawo irin, wanda ya fi ƙura ƙanƙanta. Wannan noma caca ne, domin sau da yawa manomi yakan ci bashi ya sayi itace, iskar kuwa ta ƙi kawo kome. Sai a 1942 wani masani, Kisaku Mori, ya gano yadda za a raya irin a jikin 'yan guntayen itace, a huda gungume a cusa su ciki. Daga nan zaman jiran sa'a ya ƙare, ko da yake har yanzu sai an yi haƙurin kusan shekara 2 kafin a tsinki na fari.

To, abin lura a nan shi ne itacen. A lardin Oita, wanda ya fi ko'ina a Japan samar da busasshen shiitake, ana sare itacen kunugi ne a bar kututturensa. Kututturen yakan yi toho, bayan kamar shekara 15 a sake sara, watau daji bai ƙare ba, manomi kuma bai rasa ba. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan tsari na yankin Kunisaki cikin gadon noma na duniya. Manoman Maradi sun san makamancinsa tun wajen 1983, suna kiransa sassabin zamani. A Jigawa kuwa, inda gatarin masu itacen girki da gawayi ke cin daji kullum, lalle wannan ya fi naman kazan kansa muhimmanci.

Akwai kuma matsutake, wanda har yau ba a iya noma shi ba, sai tsinta a gindin wani itace na musamman. Ya yi ƙaranci ƙwarai tun da cuta ta faɗa wa itatuwan, mutane kuma suka daina share ƙarƙashinsu. Haka na suri yake: gara ce ke kiwonsa a cikin gidanta, in an rushe surin ya tafi.

Shiitake dai yana son sanyi da laima, zafin bazarar Dutse ba zai bar shi ba. Irin da ya dace da nan shi ne wanda ke tsirowa a kan karan dawa ko buntun shinkafa, cikin ɗaki mai duhu da ake yayyafa wa ruwa.