2.4 Rayuwa da Ayyukan Frances Perkins (1880–1965)

A wannan ɓangare za a yi bayani a kan Frances Perkins, mace ta farko da ta shiga majalisar zartarwa ta gwamnatin tarayyar Amurka. Manufar ita ce a nuna cewa muhimmancinta bai tsaya ga zama ta farko ba, domin kuwa dokokin da ta tsaya a kansu su ne suka canza matsayin ma'aikaci a ƙasar.

2.4.1 Haihuwa da Neman Ilimi

An haifi Frances Perkins a birnin Boston a shekarar 1880. Ta kammala Kwalejin Mount Holyoke a 1902, sannan ta sami digiri na biyu a Jami'ar Columbia a 1910. Tun tana ɗaliba take ziyartar masana'antu domin ganin halin da leburori suke ciki.

2.4.2 Gobarar Masana'antar Triangle

A ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin rigunan mata ta Triangle a birnin Niyu Yok. Mutum 146 ne suka mutu, mafi yawansu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa. Da yawa sun kasa fita saboda an kulle ƙofa, wasu kuma suka yi ta faɗowa ta tagogin bene. Perkins tana kusa da wurin, kuma ta ga abin da idonta. Daga nan ta duƙufa a kan neman dokokin kare lafiyar ma'aikata. A 1919 Gwamna Al Smith ya naɗa ta a hukumar masana'antu ta jihar Niyu Yok, sannan a 1929 Gwamna Franklin Roosevelt ya ɗora ta a kan sashen ƙwadago na jihar.

2.4.3 Shigarta Gwamnatin Tarayya

Lokacin da Roosevelt ya zama shugaban ƙasa a 1933, tattalin arzikin Amurka ya karye, kusan kashi 25 cikin ɗari na ma'aikata ba su da aiki. Da ya nemi ta zama Sakatariyar Ƙwadago, wato minista, sai ta gabatar masa da buƙatunta kafin ta amsa. Sun haɗa da ƙayyade awoyin aiki da mafi ƙarancin albashi da fanshon tsofaffi da inshorar rashin aiki da hana sa yara aikin ƙarfi da kuma inshorar lafiya. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi amincewa da naɗin, domin ba daga cikinsu ta fito ba.

A 1934 ta jagoranci kwamitin da ya tsara dokar fansho da tallafin marasa aiki, wadda aka sa wa hannu a ranar 14 ga Agusta, 1935. Haka kuma a 1938 aka zartar da dokar da ta sa mafi ƙarancin albashi ya zama santi 25 a awa ɗaya, ta rage aikin mako zuwa awa 44, daga baya 40, ta kuma taƙaita aikin yara.

2.4.4 Matsalolin da Ta Fuskanta

A 1939 wani ɗan majalisar wakilai ya kawo ƙudurin tsige ta, bisa zargin ta ƙi korar Harry Bridges, wani shugaban 'yan dakon tashar jiragen ruwa haifaffen Ostareliya da ake zargi da aƙidar kwaminisanci. Kwamitin shari'a na majalisar ya yi watsi da ƙudurin. Bayan wannan, ba a sami shigar da inshorar lafiya cikin dokar 1935 ba saboda adawar ƙungiyar likitoci. Har ila yau, dokar ta tsallake ma'aikatan gona da 'yan aikin gida, alhali baƙaƙen fata da yawa a waɗannan sana'o'i suke.

Ta sauka daga muƙamin a 1945 bayan shekara 12, kuma babu wanda ya kai ta daɗewa a wannan kujera. Daga baya ta koyar a Jami'ar Cornell har rasuwarta a 1965.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa Perkins ta shiga gwamnati da shiryayyen tsari da gogewar sama da shekara ashirin, kuma yawancin buƙatun da ta gabatar wa Roosevelt sun zama doka kafin ta bar ofis.