Tarin Fuka Na Gado Ne? Abin Da Likitoci Suka Gano

A Karofi da ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, in an zo neman aure, akan sami dattijon da zai ja mutum gefe ya ce, "Ɗana, gidan nan akwai tari, akwai kuma kuturta a asalinsu." Malaman asibiti kuwa sun daɗe suna gaya mana cewa ba gado ba ne, ƙwayar cuta ce. To, wa ke da gaskiya?

Malaman asibiti ne, amma maganar dattawa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Tun 1873 wani likita a Norway mai suna Hansen ya ga ƙwayar kuturta, a 1882 kuma Robert Koch na Jamus ya gano ta tarin fuka. 'Yan gida ɗaya ne. Allurar BCG ma, wadda ke bar wa jarirai tambari a dantse, an yi ta ne da wata 'yar'uwarsu da aka raunana, tun 1921 ake yinta. Sai dai ba duk wanda ƙwayar ta shiga ne ke kwanciya ba. Cikin mutum goma da suka shaƙi ƙwayar tarin fuka, da ƙyar ɗaya zai kamu a tsawon rayuwarsa. Haka kuturta. Iyayenmu da suka yi aiki a Babbar Ruga, asibitin kutare na kusa da Katsina wanda mishan ta SIM ta karɓa a 1937, sun ga miji da mata sun shekara ashirin a ɗaki ɗaya, ɗaya da cuta, ɗaya lafiya lau. Ashe garkuwar jiki ba ɗaya ba ce.

A 1996 aka ƙara fahimtar dalili. Likitoci a Landan sun binciki wasu yara huɗu, dangin juna, daga wani ƙauye a tsibirin Malta, waɗanda ƙwayoyin da ke cikin ƙasa da ruwa, marasa cutar da sauran mutane, suka kayar. A shekarar kuma, a Faris, aka duba wata jaririya 'yar Tunisiya da allurar BCG ta bazu mata a jiki har ta rasu. Iyayenta auren zumunci suka yi. Matsalar iri ɗaya ce. Jiki yana da wani sinadari, intaferon-gama, mai aikin sanƙira: shi ke kai wa dakarun jini saƙo su kashe ƙwayar da suka haɗiye. A jikin yaran nan saƙo yana fita, amma babu kunnen da zai ji. Daga baya an gano irin wannan naƙasa a ƙwayoyin gado fiye da goma sha biyar.

Mu da muke sa masu shirin aure su kawo takardar gwajin sikila mun san lissafin. A yawancin ire-iren wannan lalura, in uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ta fi bayyana inda ake auren 'ya'yan wa da ƙani, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina.

Amma 'yan'uwa, kada wani ya karanta wannan ya hana ɗansa allura. Lalurar ba ta da yawa ko kaɗan, BCG kuwa tana kare yara daga tarin fukan da ke hawa ƙwaƙwalwa. Ƙaramin gyambo a wurin allura, ko 'yar kaluluwa a hammata, yawanci sukan wuce da kansu. Abin tsoro shi ne kaluluwa ta yi ta girma tana fashewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya kumbura, yaro yana ramewa. Wannan ba na sakiya ba ne, ba na wanzami ba. A kai shi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, in ta kama a wuce asibitin koyarwa na Katsina ko na Shika. In kuwa wani yaro a gidan ya taɓa rasuwa ta wannan hanya, a gaya wa ungozomar asibiti kafin a yi wa sabon jariri allura. Akwai magani: ƙwayoyi na tsawon watanni, wasu a ƙara musu allurar intaferon, masu tsanani kuma dashen ɓargo.

Yawancin tarin da ke bin gida ɗaya a wurinmu kuwa, ɗaki ne marar taga, da ƙarancin abinci, da cuta mai karya garkuwar jiki. Maganinsa wata shida ne, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Maganin kuturta ma kyauta ne, wanda ya fara sha kuma ba ya ƙara sa wa kowa.