Abin da ya kamata ku sani kan magungunan itace na ƙasar Sin

A unguwar Rafin Guza ba wuya ka ga shayin ganye ko ƙwayoyi cikin kwali mai rubutun Sinanci, ko dai an sayo a kasuwar Kawo ranar Talata, ko wata maƙwabciya na bi da su gida-gida. Mai talla yakan ce, "Ai na itace ne, ba ya illa." Wannan maganar ita ce ke damuna, domin ba gaskiya ba ce.

Mu fara da zazzaɓin cizon sauro, tunda unguwar bakin kogi ce. Maganin da ake ba mu a asibiti, irin su Coartem, asalinsa wani ganye ne na Sin, ɗan'uwan tazargadenmu. Wata masaniya, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace sinadarin artemisinin daga cikinsa a 1972, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a riƙa jiƙa ganyen ana sha a madadin ƙwayar ba. Ƙarfin jiƙo ba shi da ma'auni. Yakan sauke zafin jiki ya bar sauran ƙwayoyin cutar a jini, su kuma su saba da maganin har ya daina yi musu. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a yi gwaji tukuna.

Citta, wadda Sinawa ke ji da ita ƙwarai, tamu ta Kachia da Jaba ta wadatar. Tana kwantar da tashin zuciya, amma idan ta yi yawa tana tayar da ƙwannafi.

Ginseng, wanda ake tallarsa don ƙarin kuzari, yana iya hana barci, yana kuma sauke sukarin jini. Mai ciwon suga da ya haɗa shi da maganin asibiti zai iya jin jiri da karkarwa. Irƙus-sus kuwa, saiwar nan mai zaƙi da ke cikin haɗe-haɗen Sinawa da yawa, yana taimaka wa tari, sai dai yawan shansa na sa hawan jini da kumburin ƙafa. Mai hawan jini ya nisance shi.

Mafi haɗari su ne dangin Aristolochia. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan ƙwayar rage ƙiba da aka sa wannan saiwa a ciki bisa kuskure. Wasu sai da aka yi musu dashen ƙoda, wasu suka kamu da ciwon daji. Kada a ɗauka abin nesa ne: duman dutse namu daga wannan dangin yake.

Kafin ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ku sani kuma, lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya ba shaida ba ce cewa suna warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwalin. Kwalin da babu rubutun da za ku iya karantawa, ku mayar wa mai shi. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon ƙoda ko hanta kada su sha komai sai da izinin likita. Idan za ku asibitin Kawo ko Barau Dikko, ku tafi da kwalin a hannu, ku gaya wa likita tun yaushe kuke sha da kuma sau nawa a rana.