Dawowa Matsinkai Bayan Tiyatar Ƙarin Mazaunai

A tiyatar da ake kira BBL, likita kan zuƙo kitse daga ciki ko cinya ya ɗura shi a mazaunai. Ana yin ta a Legas da Abuja, wasu matan kuma sai Istanbul ta Turkiyya. Babban haɗarinta shi ne kitse ya kutsa jijiyar jini ya toshe huhu. A 2017 likitocin tiyata a Amurka sun ƙiyasta mutuwar kusan mutum 1 cikin 3,000, shi ya sa yanzu ƙarƙashin fata kaɗai ake ɗura kitsen, ban da tsoka.

Sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Zaman da ya wuce awa 4 a jirgi na iya sa jini ya daskare a ƙafa, balle jikin da bai daɗe da shan wuƙa ba. Istanbul zuwa Abuja ta haura awa 6. Ga 'yar Matsinkai kuwa da sauran aiki: jirgin Birnin Kebbi, sannan motar Bagudo da jijjigarta, duk a kan wurin da aka hana zama kansa aƙalla mako 2. A ganina motar ta fi jirgin illa.

Kada a yanki tikiti sai likita ya amince. A sa matashi ƙarƙashin cinya yadda mazaunai za su ɗago, a riƙa miƙewa ana takawa, a sha ruwa.

Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko zazzaɓi, sai asibiti nan take, kuma a faɗa wa likita ainihin aikin da aka yi, ba kunya.